Muhawara: Waɗanne darussa 'yata za ta zaɓa a babbar sakandare idan aikin kwamfuta take so?

Baban Nana:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa, ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai tun makon jiya. 'Yata ta kammala aji uku na ƙaramar sakandare, kuma makarantarsu ta aiko mana da takardar zaɓen darussan da za ta ɗauka daga aji huɗu har zuwa jarrabawar fita. Yarinyar ta daɗe tana cewa ita aikin kwamfuta take so, musamman ƙirƙirar manhajojin waya. Idan na ajiye wayata da daddare sai in tarar ta ɗauka tana kallon darussan rubuta manhaja, tana kwafe abin da ta gani da biro a bayan littafinta na makaranta, tunda babu kwamfuta a gidan. Mahaifiyarta kuwa ta fi son ta karanci aikin jinya ko likitanci, domin a ganinta matanmu suna da matuƙar buƙatar likitoci mata, kuma ban ga laifinta a wannan tunani ba.

A takardar an rubuta darussa huɗu na dole, wato Turanci da Lissafi da darasin zama ɗan ƙasa da kuma sana'a guda ɗaya, sannan aka ce kada jimillar darussan ta wuce tara. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne an ce darasin Kwamfuta da darasin zurfafan lissafi, wanda yara ke kira Foda Mas, lokacinsu ɗaya ne a jadawali, don haka dole ta ɗauki ɗaya ta bar ɗaya. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, karatuna bai wuce sakandare ba, kuma a hankalina mai son aikin kwamfuta ai darasin Kwamfuta ya kamata ya ɗauka. To amma ba na son in yanke hukunci da ka a kan rayuwar yarinya.

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya raya Nana, ya yi mata albarka. Na shekara fiye da ashirin ina koyar da lissafi a babbar sakandare, kuma amsata a taƙaice ita ce ta shiga ajin kimiyya, ta ɗauki Foda Mas, ta bar darasin Kwamfuta. Na san maganar za ta yi kama da an juya abu a baibai, saboda haka bari in yi bayani.

Idan ɗalibi zai nemi karatun kimiyyar kwamfuta ko injiniyancin manhaja a jami'o'inmu, abin da ake fara dubawa shi ne kiredit biyar a WAEC ko NECO, kuma a cikin biyar ɗin nan Turanci da Lissafi da Fiziks ba sa fita. Ga injiniyanci kuwa, na lantarki ne ko na kwamfuta ko na sadarwa, sai an haɗa da Kemistiri. A jarrabawar JAMB ma darussa huɗu ake yi, kuma mai neman injiniyanci Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri zai rubuta. Ka ga ke nan darasin Kwamfuta na sakandare ba ya cikin ginshiƙan da ake gina shigar jami'a a kansu. Abin da ake koyarwa a cikinsa, kamar sassan kwamfuta da tarihinta da yadda ake buga takarda da shirya jadawalin lissafi, yarinya mai himma irin taka za ta iya kammala shi a hutu ɗaya idan ta samu na'ura a gabanta. Foda Mas kuwa ba a koyonsa a hutu ɗaya, sai an bi shi a hankali shekara uku tare da malami.

Amfaninsa yana fitowa ne a shekarar farko ta jami'a. Ɗaliban kimiyya da injiniyanci duka suna fara karatu da aljabara da tirigonometiri da kalkulas, kuma malamin jami'a yana gudu ne, ba ya tsayawa jiran kowa a ajin da ɗalibai suka cika maƙil. Wanda ya yi Foda Mas ya riga ya ga yawancin waɗannan abubuwa, maimaitawa kawai yake yi. Wanda bai yi ba kuwa, ɗan abin da aka taɓa masa a lissafin gama-gari shi ne guzurinsa, kuma sau da yawa a nan ne makinsa ke faɗuwa tun daga tushe, ya yi ta fama da gyaransa har ya gama.

Sannan ita kanta kwamfutar lissafi ce zalla. Hoton da kake ɗauka da wayarka, a wurin na'urar ba hoto ba ne, jerin lambobi ne a layi-layi, kowane ɗigo yana da lamba uku, ta ja da ta kore da ta shuɗi, kowace tsakanin 0 da 255. Idan an ƙara wa hoton haske ko an juya shi, lissafi aka yi a kan wannan jeri, kuma wannan shi ne babin matirik da muke koyarwa. Manhajar da ke hasashen kalmar da za ka rubuta a gaba kuwa, ilimin yiwuwar aukuwar abu da ƙididdiga ne ke aiki a ƙarƙashinta.

Ɗan Fagge:
Allah ya gafarta Malam, ina girmama iliminka, amma ina da ja a kan wani ɓangare na maganarka. Ni ajin adabi na yi a sakandare, ban taɓa zama a ajin Fiziks ba, a jami'a kuma kimiyyar siyasa na karanta. Yau shekara biyar ke nan ina gina shafukan intanet da manhajojin waya, da shi nake ci da iyalina, kuma babu wanda ya taɓa ba ni aiki ya tambaye ni sakamakon WAEC. Abin da ake tambaya shi ne in nuna abin da na gina. Na koya ne da tsohuwar kwamfuta da data ta dare, kuma a cikin waɗanda muke aiki tare akwai wanda ya karanta Larabci, akwai wanda ya karanta aikin gona. Ko shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 don horas da matasa miliyan uku a fasahar zamani ba a keɓe shi ga 'yan ajin kimiyya ba.

Tsorona shi ne mu riƙa tsorata yara da lissafi har su ɗauka cewa wanda ba ya ja a lissafi ba shi da rabo a wannan fanni. Fannin yana da faɗi. Akwai masu tsara fasalin manhaja, akwai masu gwada ta, akwai masu tafiyar da aikin, kuma duk waɗannan ba sa buƙatar kalkulas. Shawarata ga Alhaji ita ce ya fi mayar da hankali ga samo mata kwamfuta, ko ta hannu ce, fiye da damuwa da wane darasi za a cike a takarda.

Malamin Lissafi:
Ɗana, gaskiya ka faɗa, kuma ina alfahari da irinku. Amma ina roƙonka ka faɗa wa Alhaji tsakani da Allah, a cikin shekaru biyar ɗin nan, akwai wurin da ka so ka shiga rashin lissafi ya dakatar da kai ko babu?

Ɗan Fagge:
Akwai, Malam, ba zan ɓoye ba. Shekara biyu da suka wuce na so in koma ɓangaren ƙirƙirarriyar basira, na yi rajistar wani kwas a intanet. A mako na uku aka shiga lissafin matirik da kalkulas, na zauna ina kallon allon kamar ana magana da wani harshe da ban taɓa ji ba. Sai da na sayi littafin lissafi na babbar sakandare, na riƙa zuwa wurin wani ƙanina yana koya mini bayan sallar isha'i, kuma har yanzu ban kai inda nake so ba. Haka kuma akwai guraben ƙarin karatu a waje da na gani na kasa nema, saboda suna buƙatar digiri na farko a kwamfuta ko lissafi ko injiniyanci. Don haka na yarda cewa idan yarinyar tana iya lissafin, kuskure ne a bar ta ta guje masa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar da shi sharaɗi ga kowa.

Malama Uwar Ɗalibai:
Assalamu alaikum. Ni ina aikin ba ɗalibai shawara a wata makarantar 'yan mata, kuma ina son in yi magana a kan saɓanin da ke tsakanin Alhaji da Hajiya, domin a ganina babu saɓanin ma tukuna. Likitanci da aikin jinya suna buƙatar kiredit a Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Injiniyanci yana buƙatar huɗun farko, kwamfuta kuma ukun farko, sannan ragowar za su iya cike biyar ɗin. Saboda haka idan Nana ta riƙe waɗannan biyar, hanyar asibiti da hanyar kwamfuta duka a buɗe suke gare ta har zuwa aji shida. Ranar da za ta cike takardar JAMB ce hanyoyin ke rabuwa, domin mai son likitanci zai sa Bayoloji a cikin darussansa huɗu, mai son kwamfuta kuwa zai sa Lissafi a wannan gurbi. Kafin wannan rana akwai shekara uku, yarinyar za ta ƙara hankali, kuma sakamakonta da kansa zai nuna inda ta fi ƙarfi. Ina roƙon Alhaji ya zaunar da Hajiya ya yi mata wannan bayani, hankalinta zai kwanta.

Abin da na fi gani yana karya ɗalibaina ba zaɓen darasi ba ne, raina Fiziks ne. Akwai wata ɗaliba da ba zan manta da ita ba. Ta samu maki mai kyau ƙwarai a JAMB, ta samu kiredit bakwai, amma Fiziks ya zo mata da D7. Ta zo ofishina da takardar a hannu tana kuka, tana tambayata ko A1 ɗin da ta samu a sarrafa bayanai zai iya maye gurbinsa. Dole na gaya mata cewa ba zai iya ba, domin kiredit daga A1 zuwa C6 yake tsayawa, kuma darasin da aka ambata da suna ba a musanya shi da wani. Sai da ta sake zaman jarrabawa, shekara guda ta wuce ta. Mafi yawan jami'o'i suna karɓar haɗin sakamakon zama biyu ga kwamfuta, amma wasu kwasa-kwasan, musamman likitanci, zama ɗaya suke nema a wurare da dama. Kuma ina jan hankalin kowane uba da ya buɗe kundin bayanan kwasa-kwasai da JAMB ke wallafawa a shafinta, ya duba jami'ar da yake nufi da idonsa, domin kowace tana da nata ƙarin sharaɗi, kuma ana sabunta su.

Maman Khalifa:
Duk abin da malamai suka faɗa daidai ne a takarda, amma ina son a dubi halin da makarantunmu ke ciki. Ɗana ya zaɓi Foda Mas a aji huɗu bisa irin wannan shawara. Zangon farko an yi musu darasin, a zango na biyu aka canza wa malamin wurin aiki, daga nan ba a sake kawo wani ba har suka shiga aji shida. Fiziks kuma ɗan bautar ƙasa ne ke koyar da su, yana gama shekararsa ya tafi. Yaron bai taɓa riƙe ma'aunin lantarki da hannunsa ba sai ana saura mako biyu jarrabawar gwaji a aikace. Da lokacin rajista ya zo, makarantar da kanta ta ce a cire Foda Mas kada ya jawo musu faɗuwa. Don haka Alhaji, kafin ka sa hannu a takardar nan, ka taka da ƙafarka ka je makarantar. Ka tambayi wane ne malamin, ka nemi a nuna maka littafin ɗalibin aji biyar ka ga ko ana yin darasin da gaske, ka leƙa ɗakin gwaje-gwaje. Darasin da aka rubuta a jadawali daban, wanda ake koyarwa daban.

Malamin Lissafi:
Hajiya, kin taɓo inda ciwon yake, kuma ba ni da abin da zan kare. Malaman Foda Mas da na Fiziks sun yi ƙaranci, wannan kowa a cikinmu ya sani. Abin da zan ƙara shi ne, tunda Alhaji a Kano yake, ya bincika makarantun kimiyya na jiha. Tun 1977 aka buɗe na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu don a samar wa jihar likitoci da injiniyoyi, kuma akwai na 'yan mata, kamar ta Garko. Ana shiga ne da jarrabawa bayan aji uku, kuma a irin waɗannan makarantu darussan kimiyya su ne ainihin aikin. Idan kuma ba zai yiwu ta tafi makarantar kwana ba, to iyaye huɗu ko biyar su haɗa kuɗi su ɗauki malami ɗaya na ranakun Asabar da Lahadi. Na ga an yi haka a unguwarmu kuma ya yi amfani. Ba a fafe gora ranar tafiya, wanda ya bari sai aji shida sannan ya nemi malamin Fiziks ya makara.

Oga Mai Gyaran Waya:
Salamu alaikum. Ni ba ɗan jami'a ba ne, kwalejin fasaha na yi, na zauna jarrabawar NABTEB a ɓangaren lantarki, yanzu ina da shago a kasuwar waya ta Farm Centre da yara shida a ƙarƙashina. Na sa baki ne domin na ga ana maganar fasaha kamar rubuta manhaja ne kaɗai. Wayar da manhajar ke zaune a ciki ma fasaha ce, haka sola da ke ba ta wuta, haka turakun sadarwa.

A cikin yaran da ake kawo mini koyon aiki, a mako guda nake gane wanda ya yi Fiziks da gaske. Idan aka kawo waya ta mutu, wanda bai yi ba zai fara canza batir, ya canza wurin caji, ya canza allo, yana lalube har ya dace ko ya ƙarasa ta. Wanda ya yi kuwa zai ɗauki mita ya auna, ya san cewa batirin waya yana wajen bolt 3.7, cajar yau da kullum tana ba da bolt 5, idan ya ga wuta tana zurarewa ya san akwai inda layi biyu suka haɗu, sai ya bi har ya kamo ɗan ƙaramin abin da ya ƙone. Dokar Ohm ce kawai da ake koyarwa a sakandare. Haka a aikin sola, batir mai bolt 12 da amfiya 200 na awa ɗaya yana ɗauke da wat 2400 na awa ɗaya a lissafi, kuma wanda bai iya wannan ninkawa ba zai haɗa wa mutum kayan da ba za su kai shi asuba ba. Saboda haka ina goyon bayan Malam a kan Fiziks ɗari bisa ɗari. Kuma kada a raina hanyar kwalejin kimiyya da fasaha, domin mai difloma zai iya ci gaba zuwa babbar difloma, ko ya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu idan sakamakonsa ya yi kyau.

Baban Nana:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa mahaifiyarta bayanin Malama, kuma ta gamsu. Yanzu ga yadda lissafin ya tsaya: Turanci, Lissafi, darasin zama ɗan ƙasa, sana'a, Fiziks, Kemistiri, Bayoloji da Foda Mas, takwas ke nan. Saura gurbi ɗaya, kuma abin da ya rage a takardar shi ne Hausa da Addinin Musulunci da Labarin Ƙasa da zanen injiniya. Sannan a jerin sana'o'in akwai ɗinki da girke-girke da kiwon kifi da sarrafa bayanai. Yarinyar kuma ta ɗan damu da aka ce ta bar darasin Kwamfuta, tana ganin kamar an raba ta da abin da take so.

Malama Uwar Ɗalibai:
Alhaji, ai maganin damuwarta yana cikin takardar da ke hannunka. A gurbin sana'a ta ɗauki sarrafa bayanai, domin darasin kwamfuta ne shi ma, a ɗakin kwamfuta ake yinsa, kuma akwai rumbun adana bayanai da jadawalin lissafi a cikinsa. Ta samu Foda Mas ke nan ba ta rasa taɓa na'ura ba. Wannan zai taimake ta ta wata fuskar kuma, tunda tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yinta, a yanzu tambaya 180 ce cikin awa biyu, kuma na sha ganin yara masu ƙoƙari suna ɓata mintuna masu tsada saboda hannunsu bai saba da linzamin kwamfuta ba.

Injiniya Abu Hanif:
Game da gurbi na tara, ni zanen injiniya zan ba da shawara idan akwai malaminsa. Na karanta injiniyancin lantarki a Zariya, kuma a shekarun farko zane yana cikin abin da ya fi wahalar da waɗanda ba su taɓa riƙe allon zane ba. Yana koya wa yaro ya kalli abu ta sama da ta gefe da ta gaba a cikin kansa, ya kuma saba da tsafta da daidaito a aiki. Addini kuwa tana samunsa a Islamiyya fiye da abin da za a ba ta a darasi biyu na mako, Hausa kuma harshenta ne.

Malam Na Tsangayar Harsuna:
Injiniya, a nan kam ban bi ka ba. Jin Hausa daban, iya rubuta ta bisa ƙa'ida daban, kuma da yawa daga cikin masu digirinmu ba sa bambance inda ake raba kalma da inda ake haɗe ta, ba sa sa lanƙwasa a ƙ da ɗ da ɓ. Yarinyar nan manhajar waya take son ƙirƙira, to su wa za su yi amfani da ita? Mahaifiyarta ce da 'yan kasuwar da mahaifinta ke hulɗa da su da manoman ƙauyukanmu, waɗanda akasarinsu da Hausa za su fi fahimta. Yau ana aikin koya wa na'ura fassara da sauraron magana da Hausa, kuma abin da aikin ya fi rasa shi ne mutumin da ya haɗa lissafi da nahawun harshen a kai ɗaya. Masu lissafin ba su san nahawu ba, mu masu nahawun ba mu san lissafi ba. Idan injiniyancin gine-gine ko na injina take so, to zane ya fi. Amma ga mai son manhaja, ina ganin Hausa ta fi kusa da aikinta, kuma darasi ne da zai ba ta sararin numfashi a tsakanin darussa masu nauyi guda huɗu.

Injiniya Abu Hanif:
Malam, hujjarka tana da ƙarfi, ban taɓa kallon abin ta wannan fuska ba. Har yanzu ina ganin zanen yana da amfanin da ba a samu a wani darasi, amma tunda babu ɗaya daga cikinsu da zai hana ta shiga jami'a, a bar wa yarinyar ta zaɓa da kanta. Darussa takwas manya sun zaɓa mata, ya kamata na taran ya zama nata.

Baban Nana:
Yau da safe na je makarantar kamar yadda Maman Khalifa ta ce. Malamin Foda Mas yana nan, ma'aikacin dindindin ne, ɗalibansa a aji biyar su goma sha ɗaya ne, biyu daga ciki mata, kuma na ga littafin ɗaya daga cikinsu cike da aiki da jan biro na gyara. Malamin zanen injiniya kuwa babu shi tun bara, don haka wannan ya fita da kansa. Ɗakin gwaje-gwajen Fiziks yana da kaya amma ba su da yawa, an ce ɗalibai biyar ke haɗuwa a kan abu ɗaya. Nana ta zaɓi Hausa a gurbi na tara, mun cike takardar mun mayar. Na kuma yi magana da wani maƙwabcina da 'yarsa ke aji ɗaya da ita a kan ɗaukar malamin Fiziks na ƙarshen mako. Abin da ya rage shi ne kwamfutar. Ɗan Fagge, wace iri ce za ta ishe ta farawa, wadda ba za ta fi ƙarfina ba?

Ɗan Fagge:
Alhaji, ba ta buƙatar sabuwa. Ka nemi ta hannu mai ƙwaƙwalwar aiki gig 8 da ma'adana irin ta SSD, ka tabbatar batirinta yana riƙe wuta aƙalla awa biyu saboda yanayin lantarkinmu, kuma ka tafi da wanda ya san kaya ya gwada madannai da allon kafin ka biya. Idan ta samu, a sa mata Python, wani harshen rubuta manhaja, kyauta ne kuma yana aiki ba tare da intanet ba. Aikin farko da zan ba ta shi ne ta ɗauko waɗancan darussa da ta kwafe da biro a bayan littafinta, ta buga su ɗaya bayan ɗaya ta ga wanne zai yi aiki. Inda ta maƙale ka ɗauki hoton allon ka turo nan, zan duba mata bayan sallar isha'i in sha Allahu.